Rubutu a Kan Hijabi da Sunan Murna

Ƙannena ɗalibai, yau da ku nake, kuma raina a ɓace yake. Shekaranjiya bayan la'asar, a wajen Ƙofar Ƙaura a nan birnin Katsina, na ci karo da ayarin 'yan sakandare sun fito daga takardar ƙarshe ta NECO. Fararen riguna duk an dame su da rubutun alƙalamin maka, ja da baƙi, gaba da baya. Wata yarinya ta tsaya a bakin titi ta juya baya, wani saurayi ya dafa kafaɗarta yana rubuta lambar wayarsa a kan hijabinta, ƙawayenta na ɗauka da waya suna shewa. Wani dattijon malami ya tsayar da tsohon babur ɗinsa zai yi magana, suka sa masa ihu. Ko wanda ya rusuna babu.

Wai murna ake yi. Murnar me? Sakamako bai fito ba. Ba ku san wanda zai samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi ba, waɗanda in babu su jami'a ba za ta kalli takardarka ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wasu ma a cikinku, mu faɗa wa juna gaskiya, da satar amsa suka rubuta jarrabawar, kuma iyaye ne suka biya kuɗin. Wannan wani ciwon ne daban.

Rigar nan da ka ɓata, mahaifinka sai da ya yi gumi ya yanko yadin, ya biya tela. Da, in yaro ya gama makaranta, wanke yunifom ake yi a goge a miƙa wa ƙane ko marayan unguwa. Hijabin nan kuma, ƙanwata, da shi kika yi sallar azahar. Yaya za a yi ki miƙa shi ga wanda ba muharraminki ba ya yi ta zane? Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Bidiyon da aka ɗora a TikTok yana nan, zai jira ki har ranar da za a zo binciken aure. Ban ma taɓo masu goyon uku-uku a babur suna wasa da rai a tsakiyar titi ba, ko masu kurɓe-kurɓe a lungu da sunan walima.

A garin nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. A nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma dukansu da koyarwa suka fara aiki. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ma sai da ya riƙe alli kafin ya zama gwamna a 1999. Yau a garin Wali Ɗan Marna ne ɗalibi ke yi wa malaminsa ihu a titi! Ta Dikko ɗakin kara, da kunya aka san mu. To ina take?

Iyaye da shugabannin makarantu, don Allah a yi wani abu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu a zamaninmu, in ka hango malaminka a Ƙofar Soro, saukowa kake daga keke ka gaishe shi, ka karɓi kayan hannunsa ka kai masa har gida. In ya hore ka, ɓoyewa kake, don in labari ya kai gida sai an ƙara maka. Yanzu uba ne ke saka babbar riga ya tafi makaranta da safe neman malamin da ya taɓa masa ɗa.