Jirgin da Ake Riƙewa da Wayar Ƙarfe

A makon jiya na halarci walimar auren ɗan wani abokina, inda na ga wani saurayi yana sarrafa ƙaramin jirgin nan mara matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi. Idonsa yana kan gilashin wayarsa, yatsunsa biyu suna motsi, jirgin kuwa ya tsaya cak a sama, shi ko ɗaga kai bai yi ba. Ban raina gwanintarsa ba, amma ganinsa ya mayar da ni birnin Kiyef na ƙasar Yukren, a shekarun 1980, lokacin da nake karatu a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, inda na koyi tuƙa wani irin ƙaramin jirgi da har gobe nake ganin ya fi wannan koya wa yaro abin da zai amfane shi.

Jirgi ne na katako da mutum yake ƙerawa da hannunsa, mai ɗan inji a goshi da farfela, ana ɗaure shi da siraran wayoyin ƙarfe guda biyu da suke ƙarewa a wani mariƙi. Matuƙi yana tsayawa a tsakiyar fili, jirgin yana kewaya shi, shi kuma yana juyawa tare da shi. Idan ya ɗaga wuyan hannunsa, waya ɗaya ta ja wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku a cikin jirgin, ƙarfen ya tura fiffiken wutsiya, sai jirgin ya ɗaga kai. Idan ya sunkuyar da hannun, ya yi ƙasa. Iyakar sarrafawar ke nan. Wani Ba'amurke mai suna Jim Walker ne ya yaɗa wasan a wajajen 1940 da jirginsa mai suna Fireball, amma a Tarayyar Sobiyet hukuma ce ta ɗauke shi, ta hanyar DOSAAF, wato ƙungiyar sa-kai ta tallafa wa rundunonin soja, da gidajen horar da yara, har ana gina masa fili na musamman mai zagaye da shingen raga, wanda suke kira kordodrom.

Wani abokin karatuna ne ya kai ni kulob ɗin, a wani ɗaki na ƙarƙashin bene mai ƙamshin gam da garin katako. Mai kula da shi dattijo ne da ya yi aiki a masana'antar jiragen sama, kuma tun ranar farko da “ɗana” yake kirana a harshensu. Ni kaɗai ne baƙar fata, kuma na girmi yawancin yaran da shekara goma, amma bai ba ni mariƙi ba sai da na yi wata biyu ina fiƙe haƙarƙarin fiffike ina gogawa da takarda mai yashi. Katakon balsa mara nauyi, wanda galibinsa daga ƙasar Ekwado ake kawo shi, yana da wuyar samu a can, don haka da itatuwan ƙasarsu muke aiki, kuma duk abin da ka bari na nauyi jirgin zai nuna maka shi a sama. Dattijon yakan ɗora fiffiken a kan yatsunsa biyu, ya runtse ido ɗaya, ya miƙo maka ba tare da ya ce uffan ba, kai ma ka san akwai sauran aiki.

Injin shi ne abin da ya fi zama a raina. Namu mai suna MK-17 ne, ɗan ƙarami mai siisii 1.5, ba shi da fulogi, matsi kaɗai ke kunna mansa. Man kuma haɗi ne na itar (wani ruwan sinadari mai saurin kama wuta) da kananzir da man zurma, zurmar nan da take fitowa a bayan gida a garuruwanmu ba wanda ya kula ta. Da yatsa ake buga farfela, ana murɗa ƙusar matsi kaɗan-kaɗan har ya kama, kuma a sanyin hunturu sai ka yi rabin sa'a kana bugawa, yatsa ya tsage, jini ya haɗu da mai. Da kunne ake saita shi. Sai da na daɗe kafin na bambanta kukan injin da mai ya yi masa yawa da na wanda yake neman ƙonewa, kuma wannan kunnen ya yi mini amfani a duk tsawon aikina na injiniya.

Tashina na farko bai kai zagaye uku ba. Hajijiya ta ɗebe ni, iska ta turo jirgin cikin da'ira, wayoyin suka saki, na ji mariƙin ya zama fanko a hannuna, jirgin da na yi wata biyu ina ƙerawa ya kifa ya tarwatse. Dattijon ya sa na tsince kowane guntu, ya ce mini: “Ɗana, idan waya ta saki, ja da baya da sauri, kuma ka kalli jirgin, kada ka kalli itatuwa.” Da daddare muka liƙe shi. A ranar ce na fahimci dalilin da ya sa ake sanya 'yar dalma a ƙarshen fiffiken waje, ake kuma karkata wutsiya zuwa waje, duk don jirgin ya riƙa jan waya. Wannan jan shi ne abin da saurayin walima ba zai taɓa ji ba. Kana jin nauyin jirgin a kafaɗarka, kana jin rawar injin tana biyo waya zuwa tafin hannunka, kana jin iska kafin ka ga aikinta. Injin ba shi da totur, yana gudu ne har mai ya ƙare, sannan shiru ya sauka, sai fitar iska a jikin wayoyi yayin da kake lallaɓa shi ƙasa.

Kuma mutum ɗaya ba ya tayar da shi. Dole wani ya durƙusa ya riƙe jirgin har ka ruga zuwa tsakiya ka ɗaga hannu, sannan ya saki. A gasar tsere, matuƙa uku ne suke juyawa kafaɗa da kafaɗa a tsakiya, zagaye 100 da tankin da bai wuce siisii 7 ba, kowa da makanikensa da zai cafke jirgin da hannu ya zuba mai ya sake tayarwa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Tsawon wayar mita 15.92 ne, don zagaye ɗaya ya zama mita 100 daidai, kuma daga wannan lissafin na ga yara 'yan shekara goma sha biyu sun gane da'ira fiye da yadda allo ya koya musu. A gasar faɗa kuwa, jirage biyu ne kowanne da jelar takarda, ana minti huɗu kowa na neman yanke ta abokin karawarsa da farfela.

Na san za a ce zamani ya wuce wannan, kuma ko a Turai yawancin masu yinsa yanzu masu furfura ne, maƙwabta ma sun kori kulob da dama saboda ƙarar inji. Ban musa ba. Abin da nake ja a kai shi ne a ɗauka cewa jirgin da aka saya a kwali, wanda na'urarsa ke daidaita shi da kanta, ya maye gurbin wanda yaro ya fiƙe ya faɗi da shi ya gyara. Mu da muka tashi muna yin motar kara da ta gwangwani mun san hannun yaranmu ba ya rasa basira, abin da suke rasawa shi ne dattijon da zai zauna da su wata biyu. Filin ƙwallon kowace makarantar koyon sana'a ya isa, kuma matsalar neman itar ta kau, tunda yanzu ana tuƙa irin waɗannan jirage da injin lantarki da batir.

Mariƙina na katako yana nan a cikin akwati, gumin hannu ya baƙanta shi. Da na dawo daga walimar na ciro shi, jikana ya tambaye ni ko na mene ne, na zana masa jirgin a bayan kalanda. Mun samo falankin silin mara nauyi a wajen wani kafinta, kuma ranar Asabar, in Allah ya kai mu, za mu fara yanka haƙarƙarin fiffike.