Fursunan da ba ya iya kai kuka: wa ke duba masu taɓin hankali a gidajen yarinmu?

A unguwarmu akwai wata dattijuwa da ta shafe kusan shekara tana ɗaukar kwanon tuwo zuwa ƙofar gidan yari duk ranar ziyara. Ɗanta matashi ne da tramol ta birkita wa kai, an kama shi bayan ya farfasa rumfar wani mai kayan miya a kasuwa yana surutan da ba wanda ya gane kansu. Ranar da na raka ta mun same shi ya rame, leɓɓansa sun tsattsage, yana kallon bango yana amsa wa wanda mu ba ma gani. Da muka fito ta ce da ni, "Ɗana, abokan ɗakinsa sun ce ba ya barci, su ma ba ya barinsu su runtsa, shi ya sa ake ware shi." Ban ji ta ambaci likita ba, domin ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ganin likita hakkinsa ne.

A rubuce, Kamaru ba ta rasa masu sa ido ba. Dokar tsarin gidajen yari ta 27 ga Maris 1992 ta kafa kwamitin dubawa a kowace gunduma a ƙarƙashin firefe, wato shugaban gundumar, tun 2004 gidajen yari suka koma hannun Ma'aikatar Shari'a, sannan dokar 19 ga Yuli 2019 ta ɗora wa Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta ƙasa alhakin shiga wuraren tsare mutane domin hana azabtarwa. Sashe na 78 na kundin hukunta laifuka ma ya ɗauke alhakin laifi daga wanda ciwon hauka ya gusar wa hankali a lokacin da ya aikata abin.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin dubawa tana tafiya ne a kan kuka. Fursuna mai hankali zai rubuta takarda, ya tari baƙo ya faɗa masa damuwarsa, ko ya aika wa lauya. Mai taɓin hankali kuwa bai san ranar da aka kawo shi ba, bai san cewa tsarewar jiran shari'a a hannun alƙalin bincike wata shida ce da ake iya tsawaitawa zuwa wata 18 a manyan laifuka ba, idan kuma ya yi magana sai a ce ai mahaukaci ne. Wanda ya shigo ya leƙa ɗakuna, ya buɗe tukunya, ya ƙirga kawuna, zai iya fita da rahoto mai kyau alhali mutumin da ya fi kowa bukatarsa yana can a wani lungu. Saboda haka nake ganin dole mai dubawa ya shiga da niyyar neman irin wannan fursuna, ya tambayi sunansa a bakin ƙofa tun kafin a kai shi ofis.

Cunkoso yana ƙara wa abin muni. A 2015 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton cewa gidan yarin Marwa, wanda aka gina don mutum 350, yana ɗauke da sama da 1,200, bayan kamen da ya biyo hare-haren Boko Haram da dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamba 2014. Duk wanda ya san zafin Marwa a watan Afrilu ya san abin da kwana a tsugune a irin wannan ɗaki zai yi wa lafiyayye ma, balle wanda ya shigo da firgicin ganin an kashe nasa a gabansa. Gandiroban da aka bar wa ɗaruruwan mutane, ba horo ba magani, kulle da ɗaurin mari kawai zai sani, kuma laifin ya fi rataya a wuyan waɗanda suka bar shi a haka.

Ƙa'idojin Nelson Mandela na kula da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disamba 2015, sun fayyace hanya. Ƙa'ida ta 30 ta ce ma'aikacin lafiya ya duba kowane fursuna da zarar an kawo shi, ta 45 ta hana keɓe mai lalurar ƙwaƙwalwa idan keɓewar za ta tsananta ciwonsa, ta 47 ta haramta sarƙa da mari, ta 109 kuma ta ce wanda ciwonsa ya yi tsanani a mai da shi asibiti.

Za a ce ina likitocin? Gaskiya ne ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, kuma manyan sassan aikin suna kudu, a asibitin Jamot na Yawunde da Laquintinie na Duwala, tafiyar da talakan Kuseri ko Mokolo ba zai iya ba. Amma buɗe littafi guda a kowane gidan yari, mai ɗauke da sunan mara lafiya, ranar shigarsa, maganin da yake sha da kwanakin da ya yi a keɓe, ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Haka ma tura nas mai horo daga asibitin jiha na Marwa, Garwa ko Ngaundere sau ɗaya a wata. Sai a wajabta wa mai gabatar da ƙara ya sa hannu a littafin nan duk lokacin da ya zo, Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam kuma ta riƙa zuwa ba sanarwa, ta buga adadin da ta samu gidan yari bayan gidan yari, yadda iyali irin na dattijuwar nan za su san ofishin da za su je su tambaya.