Wai ina layukan suke maƙalewa ne?

Wallahi abin nan ya kai ni maƙura! Kana zaune a ɗakin na'urori a Yamai, mutanen ofis sai kiranka suke wai rezo ya tsaya, ka buga tcpdump, shirin nan mai nuna fakitocin bayanan da ke yawo a rezo, shi kaɗai, layuka na zubowa kamar ruwan Agusta, amma kana jona masa grep, mai tace layukan da kake nema, tsit! Allo baƙi ƙirin. Fakitocin sun mutu ne? Ina! Suna nan a tare, don da tcpdump ya gane bututun da ya haɗa shi da grep yake zuba wa magana maimakon allo, sai ya daina sakin layi-layi, ya riƙe komai har sai bait 4096 sun cika. To jama'a, tambayar DNS, wato ta neman adireshin wani suna a intanet, ƙwaya ɗaya nake nema, yaushe za ta cika bait 4096? Sai jikokina sun yi aure? Ka sake gwada hanyar da ping, ka zare waya ka mayar, ka ɗora wa na'urar da ba ta ci ba ta sha ba laifi, ka gaji ka danna Ctrl-C don ka tsayar da su, grep ya mutu nan take, abin da ka jira duk ya bi iska! Kuma kowane shiri da ke cikin jerin da nasa yaren da za ka ce masa ya saki layi-layi: tcpdump sai -l, grep sai --line-buffered, sed sai -u, awk sai fflush, ka manta guda a tsakiya, hanya ta sake toshewa. Haba! Mutum zai binciki rezo ne ko zai zauna haddar alamomi?