Ƙwan da na raina a bayan ganye

Jiya na dawo daga gona a Dadin Kowa, wallahi har yanzu raina bai kwanta ba.

Sati 3 da suka wuce ƙanena ya ɗaga ganyen masara ya nuna mini wasu 'yan ƙwai a manne, lulluɓe da wani abu kamar auduga. Ya ce, "Yaya, mu murƙushe su tun yanzu." Na ce ya rabu da su, ɗan wannan me zai yi? Jiya na tarar da ganye duk huji, tsakiyar masara cike da kashin tsutsa kamar dusa.

Tsutsar nan daga nahiyar Amurka ta zo, a 2016 aka fara ganinta a ƙasar nan. Uwarta 'yar ƙwaro ce mai fiffike da ke yawo da dare. Takan saka ƙwai 100 zuwa 200 wuri guda, kwana 2 ko 3 sun ƙyanƙyashe. Sai tsutsar ta shige can zuciyar masara inda feshi ke wuyar kai mata, ta yi kusan sati 2 tana ci, ta gangara cikin ƙasa ta kwanta, ta fito da fiffike. Wata guda ya ishe ta barin jika.

Ina tsaye a kan kunya sai sallata ta Asuba ta faɗo mini. Haka ta fara. Ɗan minti biyar bayan kiran salla. Sai na riƙa riskar raka'a ɗaya. Sai na koma yi a ɗaki. Ranar Talata rana ce ta tashe ni, kuma abin da ya fi tsorata ni, ban ji zafin da nake ji da ba.

'Yan uwana, wa muke yaudara? Waya na hannunmu har ƙarfe 2 na dare, sannan mu ce gajiya ce. Da motar kasuwar Kumo ce za ta tashi da asuba, wa zai makara? Ladan na ta kira, dattijo mai ciwon gwiwa ya riga mu sahu, mu masu lafiya muna jan bargo. Haba!

Don Allah yau a kashe waya da wuri. Wanda ya tashi ya buga wa ɗan'uwansa ƙofa. Ni ma ku buga mini, don Allah ku buga mini. Ya Allah, kada Ka ɗauki ranmu muna masu sakaci da salla.