Wanda ya iya riƙe littafin takiyya ya isa riƙe kujerar majalisa

Ɗan yayata shekararsa 27. Tun da yaƙin Sudan ya watso mutanen Wad Madani zuwa Gadarif a watan Disambar 2023, yake cikin samarin da suka ɗora tukunya a wata makarantar firamare da aka mayar masaukin waɗanda suka gudo. Shi ne mai littafin takiyyar, wato wurin da ake dafa wa jama'a abinci kyauta. Kuɗin da 'yan uwa na Jidda da Riyad suka turo ta Bankak, manhajar banki ta waya, buhun adas nawa ya shigo, gawayi na nawa aka ƙona, wace uwa ce jaririnta ke buƙatar madara, duk yana rubuce. Ran da na zauna na duba littafin nan, na ce masa idan Allah ya kawo lokacin zaɓe, ina son in ga hotonsa manne a bango yana neman kujerar majalisar mahaliyya, wato ƙaramar hukuma. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kawu, wane zaɓe? A ƙasar da ake harbi? Kuma mu ba 'yan neman kujera ba ne."

Tambayarsa ta farko tana da nauyi, zan dawo kanta. Maganarsa ta biyu ce ta hana ni barci, domin na sha jin ta a bakin samari da 'yan matan da suka fi kowa wahala wa ƙasar nan tun 2018, kuma a ganina ita ce kuskuren da Sudan ta riga ta biya kuɗinsa har sau uku.

A watan Oktoban 1964 ɗalibai da ma'aikata da likitoci da lauyoyi suka kawar da mulkin Janar Ibrahim Abbud, bayan kisan ɗalibi Ahmad al-Kurashi a Jami'ar Khartum. Waɗanda suka jagoranci boren sun sami kaso mai tsoka a gwamnatin riƙo, amma ba a yi wata shida ba tsofaffin jam'iyyu suka ture su gefe, aka shiga zaɓen 1965, kujeru suka koma gidajen da suka saba cin su. A watan Afrilun 1985 ƙungiyoyin ƙwadago da na ƙwararru suka tumɓuke Ja'afar Numairi. Da aka zo zaɓen 1986, jam'iyyar Hassan al-Turabi, mutumin da ya yi shekaru yana cikin gwamnatin Numairin, ta tashi da kujeru 51, ta zo ta uku. Shekara uku bayan haka mutanenta suka karɓi ƙasar gaba ɗaya da bindiga. Ba wai sun fi kowa jama'a ba ne. Sun yi shekaru suna tara kuɗi, suna rainon 'yan takara, sun san wa za su tsayar a ina. A kujerun da aka ware wa masu ilimin jami'a sun cinye mafi yawa, saboda abokan hamayyarsu sun tsayar da mutum biyu uku a kan kujera ɗaya suka raba ƙuri'arsu. A mazaɓar Sahafa ta Khartum kuwa, inda jam'iyyu suka haɗa kai bayan mutum guda, Turabi da kansa ya sha ƙasa. Darasin gaba ɗaya yana cikin zaɓen nan guda.

Na ukun mun gani da idonmu. Samarin unguwanni ne suka cika tituna daga Disambar 2018, su suka kwana a ƙofar hedikwatar soja har shugaba Umar al-Bashir ya faɗi ranar 11 ga Afrilun 2019, su aka kashe ranar 3 ga Yuni. Takardar tsarin mulkin riƙo ta watan Agustan shekarar ta yi alkawarin majalisar dokoki ta mutum 300, kashi 40 cikin ɗari mata, a cikin kwana 90. Har sojoji suka yi juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 ba a kafa ta ba. Kwamitocin gwagwarmaya na unguwanni sun rubuta kundin manufofi masu kyau, sun yi ta muhawara a kan mulki daga tushe, amma da yawa daga cikinsu sun ɗauki neman muƙami a matsayin cin amana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban ce gardin ba shi da laifi ba. Cewa nake kurar ma ta rantse ba za ta miƙa hannu ba.

Mu Hausawan Sudan wannan magana ta fi shafarmu fiye da kowa, saboda dalilin da ba ma son faɗa a gaban baƙi.

Kakanninmu sun daɗe suna bin hanyar hajji ta nan, wasu suka tsaya. Babban ayari ya zo bayan yaƙin Burmi na 1903, da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'arsa suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannuwanmu na cikin waɗanda suka tsince audugar. Riɗi da dawar Gadarif, kifin Rusairis, lambunan Kasala, babu inda ba a san zufarmu ba. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta farko ta ɗora sharaɗin cewa zuri'ar mutum ta kasance a ƙasar tun kafin 1898, wanda ya bar mutanen Mai Wurno da ire-irensu a bakin ƙofa. An sassauta dokar daga baya, sai dai tabon bai goge ba. Har gobe akwai saurayin da za a tambaye shi shaidu ninki biyu kafin ya sami lambar ɗan ƙasa, ana kiransa Fallata da wata irin murya da kowa ya san ma'anarta.

Dattawanmu sun fuskanci wannan da dabarar da ta yi musu aiki a zamaninsu: a yi shiru, a yi noma, a yi biyayya ga mai mulki, ranar zaɓe a kai ƙuri'a a dunƙule ga wanda shehun unguwa ya nuna. Ban raina su ba, da wannan haƙurin suka gina gidajen da muka tashi a ciki. Amma duk jam'iyyar da ta san ƙuri'arka a aljihunta take, ba ta da dalilin kawo maka famfo. Ana zuwa da buhun sukari da alkawari, a yi hoto da dattawa, a tafi sai wani zaɓen.

Sai kuma abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a 2022. Wasu daga cikin mutanenmu sun nemi a ba Hausawa masarautarsu a cikin tsarin mulkin gargajiya. Ƙabilun da ke ganin kansu masu ƙasar suka ƙi, domin a tsarin nan sarauta da mallakar ƙasa a ɗaure suke da juna: wanda aka naɗa nazir ko umda, an amince yana da ƙasar da yake mulka. A watan Yuli aka kashe sama da mutum ɗari a Rusairis da kewayenta, a watan Oktoba wajen mutum 200 suka salwanta a yankin Wad al-Mahi cikin 'yan kwanaki, dubban iyalai suka bar gidajensu. An yi asara a kowane ɓangare, kuma akwai 'yan siyasar da suka hura wutar don cin nasu tuwon. Samarinmu sun fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum da sauran garuruwa, duniya ta ga yawanmu a karon farko. Bayan nan kowa ya koma gida.

Neman a san da kai ba laifi ba ne. Abin da nake ganin ya kamata mu yi wa kanmu gaskiya a kai shi ne ƙofar da aka ƙwanƙwasa. Rawanin gargajiya yana tambayar kakanka wane ne, kuma yaushe ya zo. A wannan gasar kullum za a ce mun makara, ko da mun shekara ɗari biyu. Akwatin zaɓe ba ya tambayar kaka. Yana tambayar mutum nawa ne a unguwar suka yarda da kai, kuma kujerar kansila ba ta ƙwace gonar kowa. Ita ce kujera ɗaya tilo da za mu iya nema ba tare da maƙwabci ya ji ana shirin raba shi da gadonsa ba, kuma ita ce ke yanke hukunci a kan abubuwan da suke ci mana tuwo a ƙwarya: inda za a haƙa rijiya, wace unguwa za a ba takardun filaye, harajin da ake karɓa a kasuwar amfanin gona, malami nawa za a tura makarantar kambo, wato matsugunin 'yan ƙwadagon gona.

To yaƙin fa? Gaskiyar ɗan yayata ce, babu ranar zaɓe, kuma wanda ya ce maka ya san ranar yana yi maka ƙarya. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓe a Sudan ana cin rabinsa tun kafin a buga takardar ƙuri'a. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2008, a kanta aka yanka mazaɓun 2010. Yanzu miliyoyi sun bar garuruwansu. Wata rana wani kwamiti zai zauna ya yanke ko wanda ya gudo daga Sinja zai yi zaɓe a inda yake ko a inda ya fito, ko mazaunin kambo za a lissafa shi da ƙauyen da ke kusa ko a bar shi a iska, wace takarda za a karɓa daga wanda gidansa ya ƙone da takardunsa a ciki. Waɗanda suka yi mulki shekara talatin sun san darajar waɗannan zaure, suna nan suna jira da sunayensu a hannu. Idan samarin takiyya ba su fara koyon dokar zaɓe yanzu ba, za su wayi gari an riga an zana filin wasan.

Shekaru ma ba su ne shingen ba. A Nijeriya sai da matasa suka yi fafutuka aka sa hannu a kan doka a 2018 kafin ɗan shekara 25 ya sami damar neman kujerar majalisar wakilai. A nan tsarin mulkin 2005, wanda aka soke a 2019, ya riga ya ce shekara 21 ta isa. Ƙofar a buɗe take a takarda tun tuni, kuɗi da tsoro da kunya ne suka tokare ta.

Kuɗin dai na san ana iya tara shi, tunda na ga yadda aka ciyar da makaranta guda cike da mutane daga gudummawar direbobi da teloli da masu shago na Saudiyya. Kunyar ce ta fi wuya. Tarbiyyarmu ta ce yaro ba ya tsayawa gaban manya ya ce ni na cancanta, kuma akwai dattijon da zai ji an ci masa fuska idan ɗan cikinsa ya nemi abin da shi yake ganin nasa ne. Ba na ba kowa shawarar ya taka dattawa. A je a durƙusa a nemi albarka, a faɗa musu gaskiya cewa rawani nasu ne har abada, kujerar lissafin kasafin kuɗi kuwa tana son mai ƙarfin zirga-zirga da karanta takarda. Da yawansu za su yarda fiye da yadda ake zato. Sun gaji su ma.

Abu ɗaya nake jin tsoro, kuma gara in faɗe shi tun da wuri: kada saurayinmu ya fito da sunan ɗan takarar Hausawa. Ƙasar da ke zub da jini saboda ƙabila ba ta buƙatar ƙarin tuta. A layin takiyyar ɗan yayata akwai Ja'ali da Nuba da Masalit da Bani Amir, ba wanda aka tambaya asalinsa kafin a zuba masa balila. Wannan layin shi ne mazaɓarsa. Abin da ya sa aka yi ta ambaton ɗakunan agajin gaggawa na Sudan, wato ƙungiyoyin sa-kai na unguwanni masu irin wannan aiki, a cikin waɗanda suka cancanci kyautar zaman lafiya ta Nobel ke nan, mutane sun yarda da su ne saboda sun ga aikinsu da ido. Babu jam'iyyar da ke da irin wannan jari a yau. Kuma da yawa daga cikin masu aikin mata ne, su suka san gidan da aka kwana da yunwa ba a faɗa ba. A 1965 Fatima Ahmad Ibrahim ta shiga majalisa, mace ta farko a tarihin ƙasar nan. Shekara sittin bayan haka bai kamata 'yar Mai Wurno ko ta Damazin ta tsaya tana neman izinin yin tunanin abin ba.

Na san abin da za a ce: siyasa ƙazanta ce, wanda ya shiga zai lalace. Wasu za su lalace, babu shakka. Za a sayi wasu da mota, wasu za su manta hanyar unguwa. Amma kansilan da ya lalace kana iya tare shi a masallaci, ka kayar da shi a zaɓe na gaba. Kujerar da ka ƙi nema ba ta zama babu kowa a kai, wani ne zai hau, kuma shi bai taɓa rubuta kuɗin gawayi a littafi don jama'a su duba ba.

Makon jiya ɗan yayata ya kira ni. Bai ce ya yarda ba. Ya ce sun fara wani sabon shafi a bayan littafin, suna rubuta sunayen waɗanda suka kai shekara 18 a masaukin da unguwar amma ba su da lambar ɗan ƙasa, da waɗanda takardunsu suka ɓace a hanya. Na tambaye shi me za su yi da sunayen.

"Za mu fara kai su ofishin rajista rukuni-rukuni, Kawu. Sauran maganar taka, bari a ga damina tukuna."