Hilux mai dizal: ba kowa take biya ba

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, wata magana ta kama bakin masu neman akori-kura: tunda fetur ya daina araha, ai gara a koma dizal. Dillalai ma sun riƙe ta da hannu biyu. Ka tsaya gaban Hilux, dillali zai buga bonet ɗin mai dizal ya ce, "Alhaji, wannan ba ta shan mai, injinta kuma sai dai ka bar wa 'ya'yanka." Akwai gaskiya a zancen, amma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Ni a ganina, yawancin masu sayen irin wannan mota a arewacin Najeriya, mai fetur ce ta fi musu alheri.

Ba na raina injin dizal. Lita ɗaya ta dizal ta fi ta fetur ƙarfi, injin kuma ya fi iya tatse ta, domin matsa iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, ba ruwansa da fulogi. Wajen ja ma ba a haɗa su. Injin fetur na Hilux mai lita 2.7 yana ba da ƙarfin ja kimanin 245 a ma'aunin Nm, na dizal mai lita 2.4 kuwa yana kaiwa 400, kuma tun injin bai ɗaga murya ba yake bayar da shi. Direban da ya taɓa hawa tudu da lodin masara, ko ya kutsa yashi da taki a baya, ya san wannan bambanci a ƙafarsa.

Sai dai mu ba a Turai muke ba. A nan gwamnati ta daɗe da cire hannu daga farashin dizal, ta kuma yi shekaru tana tallafa wa fetur, shi ya sa Hilux mai fetur ta cika titunanmu. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine, dizal ya tashi daga wajen naira 300 ya haura 700, fetur kuwa bai kai 200 ba a farashin gwamnati. Janye tallafi ya rage tazarar, bai goge ta ba. A farkon 2024 dizal ya kai naira 1,500 a wurare da dama, kafin matatar Dangote ta fara sayar da nata a Afrilu, farashi ya sauko. Ko a Nijar, mai matatar SORAZ a Damagaram, da aka rage farashi a Yulin 2024, fetur ya koma sefa 499, dizal 618.

To, a yi lissafi. Mu ƙaddara mai fetur tana shan lita 12 a kilomita 100, mai dizal lita 9. In fetur yana naira 900, dizal 1,100, rarar da za ka samu naira 900 ce a kowace kilomita 100. Wanda ke cin kilomita 20,000 a shekara ya tsira da naira 180,000 ke nan. Ka ɗora wannan a kan miliyoyin da aka ƙara maka ranar saye, ka ga shekarun da za ka jira. Da zarar kuwa dizal ya ɗara fetur da kashi ɗaya cikin uku, rarar ta ƙare ƙurmus.

Abin da ya fi damuna ba farashin mai ba ne. Sunan da dizal ya yi na ƙarko, tsofaffin injuna ne suka yi masa: 5L na tsohuwar Hilux, da 1HZ na Land Cruiser, waɗanda ke keta hamadar Agadas. Ba su da gudu, ba su da turbo, amma suna haƙuri da mai ko da ba shi da kyau, bakanike kuma zai iya kwance su a gindin bishiya. Na zamani, irin su 2KD da 1GD da 2GD, wani abu ne daban. Kwamfuta ke sarrafa su, suna fesa mai ta ƙofofin da ido da ƙyar yake gani, da matsi mai tsananin gaske. Ɗan ruwa ko ƙura ko gaurayen kananzir ya isa ya lalata injekta, wato masu fesa man, da famfon mai. Sai mota ta fara wahalar tashi da safe, ta riƙa kakari, baƙin hayaƙi na bin ta a baya, fitilar gargaɗi ta kunnu a gaban direba. Injekta huɗu da famfo in suka tafi tare, rarar shekaru ta tafi a mako guda.

Man da muke sha fa? Shekaru da dama dokar Najeriya ta yarda a shigo da dizal mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a 10. Ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa wannan ciniki a 2016, ECOWAS kuma ta amince a sauko zuwa 50 a 2020. An samu ci gaba, amma takarda ba ta tace abin da ke cikin jarka. Akwai na haramtattun matatun Neja Delta da ke yawo a kasuwa, akwai 'yan bumburutu. Mai akori-kura kuwa aikinsa ƙauye ne, inda gidan mai na kirki ke da nisa. Motar da aka shigo da ita daga Turai ta fi shiga uku, don tana ɗauke da matatar hayaƙi wadda irin wannan mai ke toshewa.

Ga kuma masu gyara. Injin fetur na Hilux, kusan kowane gareji an san shi, kayansa suna nan jibge a Ƙofar Ruwa da Panteka. Mai na'urar gwada injektan zamani kuwa sai a manyan birane, kuma ba kowane mai allo a bakin titi ne ya iya ba. Wani abin da dillali ba zai faɗa maka ba: injin fetur ana juya shi ya sha iskar gas ta CNG cikin sauƙi, na dizal kuwa aiki ne babba mai tsada. Gidajen sayar da iskar ba su wadata a arewa ba tukuna, amma in bututun AKK, wanda ya taso daga Ajaokuta, ya soma kawo gas Kaduna da Kano, mai fetur yana da mafita.

Akwai wanda dizal zai biya, ba na musu. Ɗan kasuwar da motarsa ba ta kwana, kullum tana tsakanin kasuwannin ƙauye da Dawanau da cikakken lodi. Ɗan kwangila mai jan tirela ko tankin ruwa. Kamfanin da ke sayen mai da yawa daga wuri ɗaya amintacce, yana da bakanikensa, yana canja filta da baƙin mai a kan kari. Irin waɗannan su sayi dizal, kuma in aikinsu na daji ne, su nemi mai tsohon salon inji.

Amma wanda tafiyarsa daga gida zuwa shago ce, sai gona ranar Asabar da buhu biyar a baya, ya kama mai fetur. Wanda ya nace sai dizal, kafin ya biya kuɗi ya je ya ji farashin injekta ɗaya, ya gano inda ake gwada ta a garinsu, sannan ya sa a duba motar da kwamfuta da sassafe, kafin injin ya ɗau zafi.