Igiyar takalmin da ba ta kwancewa sai saura minti huɗu

Samari, ku ara mini kunnuwanku, don abin da na gani ranar Asabar har yanzu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kun san nakan yi alƙalancin wasan sofbol a gasar unguwa nan Amurka. Ga na gida da ba su san shi ba, ƙanen besbol ne, ana dukan ƙwallo da sanda a zaga tashoshi huɗu. A Chicago aka fara shi a 1887. Zagaye 7 ake yi, amma da yake ƙungiyoyi na layin fili, gasarmu ta sa doka cewa in minti 60 ya cika ba a buɗe sabon zagaye.

To ranar, masu masaukin baƙi suna gaba da 9 da 7, su ke bugu, saura minti huɗu. Sai ga mai bugu, yaronmu, ɗan gidan mutunci da na ci tuwon sunansa, ya durƙusa yana ɗaurin takalmi. Na leƙa, igiyar nan a ɗaure take tamau. Ya kwance ta da hannunsa, ya sake ɗaurewa, ya koma ɗaya ƙafar. Ya miƙe ya ce sandar ta yi masa nauyi, a kawo wata. Kocinsu, mutum da furfura a gemu, ya nemi a tsaya zai yi masa magana, alhali agogo yake kallo. Na ce, "Kai, shiga ka buga." Ya ce, "Haba Kawu, ai ban karya doka ba."

Ka karya, ɗana. Dokar USA Softball, hukumar da ke kula da wasan a Amurka, ta ba mai bugu daƙiƙa 10 ya tsaya a wurinsa in alƙali ya kira shi. Kuma ƙungiyar da ta fito fili tana jan wasa ko tana gaggauta shi da gangan, alƙali na da ikon ƙwace wasan ya ba abokan karawarta, a rubuta 7 da 0. Na yi gargaɗi sau ɗaya, ba su ji ba, na yanke. Garin neman gira aka rasa ido.

Ƙwace wasan bai dame ni ba kamar yadda wannan wayon a ci ya zama abin taƙama a wurinku. Bara na ga hadari ya haɗo a zagaye na huɗu. Tunda wasa ba ya ƙirguwa sai an kai na biyar, waɗanda ake ci suka shiga jan ƙafa suna roƙon ruwa ya sauko, masu cin kuma suna kai wa iska duka don a fitar da su da wuri, a kai zagaye na biyar kafin ruwa ya sauko. Ƙarti ashirin a fili, kowa na neman ya kasa! Na ga mai gudu ya bar tasha tun ba a jefa ƙwallo ba don in fitar da shi, yana yi mini murmushi. Duk a kan me? Kofin roba da riga mai gajeren hannu. Halin nan dai shi ne na mai tsaron gida a ƙwallon unguwa can gida, da zarar sun ci ɗaya sai ya kwanta yana birgima kamar kunama ta harbe shi.

Ban ma taɓo masu ɗaga waya suna ɗaukar alƙali don a je a zage shi a TikTok ba, ko iyayen da ke bayan raga suna ihun "ja lokaci" da yara ƙanana a gefensu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ku ji kunya mana. In za ka ci, ci da sandarka. In an cinye ka, miƙa hannu ka tafi gida, gobe ma rana ce. Dokar tazarar maki, da ake tsayar da wasa in wani ya yi gaba da 10 bayan zagaye biyar, don a rufa wa mai rauni asiri aka yi ta, amma har ita kun mayar abin wasa da hankali.

Mu da muka taso muna buga ƙwallon tsumma a Fagge ba mu da agogo ko alƙali, kiran magariba ke tashinmu. Wanda ya taɓa da hannu shi da kansa zai ɗauko ƙwallon ya ajiye. Yaron nan kuwa da muka haɗu a wurin ajiye motoci, ko gaishe ni bai yi ba.